Rigar Malam da zannuwan Iya: yadda ake maida tsofaffin kayan gado abin amfani ba tare da an yi ɓarna ba

Bara da damina ne, bayan ruwan nan na watan Agusta ya jiƙa bangon ɗakin Iya, aka ce mu fito da kayan ciki kafin magina su zo. Gidanmu a cikin birnin Zariya yake, can wajen Ƙofar Kuyambana, ginin ƙasa, kin dai san halinsa in ya sha ruwa. A ƙarƙashin gado muka jawo wani akwatin ƙarfe da ni dai tunda na yi wayo ban taɓa ganin an buɗe shi ba, da ƙyar ƙanena ya ɓalle kwaɗon. Warin kafur da na ajiya ne ya fara yi mana sallama. Ciki akwai babbar rigar kakanmu Malam, Allah ya jiƙansa, saƙi ce mai aska biyu aikin tsamiya, sai gwado biyu, da luru ɗaya da ɓera ya yi wa taga a tsakiya, da majanyin da aka goya babanmu da shi, da zannuwan atamfa sun kai goma.

Gwaggo ta ɗaga rigar ta juya ta, ta ga kafaɗun sun rududduge, ta ce da Zazzagancinta, "Rigan nan ai ya mutu, ku ba almajirai ko a binne shi." Ni kuma idona na kan aljihun, dan aikin nan ko zare ɗaya bai tashi ba. Na ce Gwaggo dan Allah a bar min. Daga rigar nan da gwado da zannuwan na fitar da firem ɗaya na bango, matashi biyu, gafaka, da bargon jariri, na kuma yi ɓarnar da har yau in na tuna sai raina ya sosu, zan zo kanta. Toh ga yadda ake yi, tun daga farko. Mata nake wa magana amma maza ma ku matso, yawancin rigunan ai naku ne.

Kafin komai, na wa ne kayan?

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa kuma shi ke raba zumunci. Tufafin mamaci dukiyar gado ce, ko da tsumma ne. Kasancewar ke kika gano akwatin ko ke kika iya ɗinki bai sa ya zama naki ba. Ki tambayi magada ɗaya bayan ɗaya, in akwai maraya ƙarami a ciki kuwa sai an je wa malami an ji yadda za a fitar masa da haƙƙinsa, ba yafewar baki ba ce. Ni sai da na kira Baffa a Kaduna da wata Gwaggon da ke aure a Giwa, na tura musu hoton rigar ta WhatsApp, na faɗa musu ƙarara cewa yankawa zan yi. Ki faɗi kalmar nan ta yankawa, kar ki ce "gyarawa", dan ranar da suka ga rigar ubansu ta koma filo ba gyara za su kira shi ba.

Sannan ki ɗauki hoto, gaba da baya da ciki, a shimfiɗe a tabarma da hasken rana. Da zarar almakashi ya shiga, hoton nan ne kaɗai rigar.

Ki san abin da ke hannunki

Ba kowane tsohon kaya ake yankawa ba, ni a nan nake da tsauri. Rigar da za ta iya sawuwa, ko da sai an kai wa maɗinki ya ɗan kama ta, wallahi ki bar ta riga. Mu a Zariya mun san kuɗin aikin hannu da watannin da yake ci, mai zane ya zana, maɗinki ya zauna a zaure yana bi da allura, daga baya mata a cikin gidaje suka shigo sana'ar suka riƙe ta gam. Ki duba ranar hawan sallah a ƙofar fada ki ga abin da hakimai ke sawa, irin aikin ne ke cikin akwatunanmu yana ruɓewa. Mai rai a sa ta, ko a ajiye ta da kyau. Wadda ta mutu ce tamu.

Yadda za ki gane: ki ɗaga yadin ki kalli rana ta cikinsa, duk inda ya sirance ko asu ya ci zai nuna. Sai ki kama da yatsu huɗu a wurin da ba ya gani ki ɗan ja a hankali. In ya yi ƙara kamar tsohuwar takarda ya tsage ba gardama, wannan wurin ya ruɓe, ba ɗinkin da zai riƙe shi. Ki zagaye duk wuraren da suka mutu da allin tela, abin da ya rage a tsakiya shi ne jarinki. A babbar riga kusan kullum kafaɗu ne ke fara tafiya saboda naɗewa da gumi, sai bakin ƙasa da ke jan ƙasa. Aljihu da tambarin baya su kan rayu dan aikin da ke kansu ya ƙara musu kauri.

Ki kuma san zaren. Saƙi ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, siri-siri, namu faɗin kowace ƙwarya bai wuce yatsu biyu ba, aka haɗa su da hannu, launin baba da ɗigon fari kamar jikin zabuwa. Zaren tsamiya kuma siliki ne na daji, daga gidan wasu tsutsotsi da ke taruwa a bishiya, a dafa shi da toka a kaɗa, shi ya sa launinsa ba fari tas ba ne, ya ɗan yi ƙasa-ƙasa kuma ba ya walƙiya. In kin ga ja mai ruwan hoda a shafin ƙasan riga ko a ratsin barage, wataƙila alharini ne, silikin da a da can fatake ke kawowa Kano ta hamada daga Tarabulus. In kina shakka ki zaro zare ɗaya tak daga ciki ki kusanta shi da ashana. Siliki warin ƙonannen gashi yake yi, auduga warin takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuma narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwajin ne zai gaya miki irin wankin da kayan zai ɗauka.

Atamfa kuwa ki karanta bakinta, nan kamfani ke sa sunansa. A zannuwan Iya na samu Holan guda uku, sauran 'yan Kaduna ne. Kar ki raina 'yar Kaduna. Masaƙar KTL ta Kaduna tun 1957 ta fara aiki, masaƙar UNTL ta can kuma da ta rufe a 2007 dubban mutane ne suka rasa abin yi, atamfar Kaduna auduga ce zalla irin wadda ake nomawa a ƙasar nan, ki taɓa ta ki taɓa ta yanzu mai santsin leda ki ji bambanci.

Ƙwari tukuna, wanki daga baya

Kar ki kwaso kayan akwati ki zuba cikin sif ɗinki, za ki raba wa sababbin kayanki asu. Ki fitar da su inuwa ki kaɗe a hankali, ki bi lungunan ɗinki da burushi mai laushi, irin na hoda ma ya isa. In akwai funfuna ki rufe hancinki. Hanyar kashe ƙwari da ƙwansu biyu ce. Ta farko firiza: ki tabbatar kayan a bushe yake, ki sa a leda ki matse iskar ki ɗaure, ya yi sati guda a daskare, in kin fitar kuma kar ki buɗe ledar sai ta kwana ta huce, dan raɓar ta tsaya a waje. Matsalar dai kin santa, wuta. Firizar da ke narkewa kullum ba ta kashe komai. Ta biyu ita ta fi dacewa da mu: ki naɗe kayan da farin zane na auduga, ki sa a baƙar leda babba ki ɗaure, ki ɗora kan benci a tsakar gida ya wuni cikin ranar Maris ko Afrilu. Zafin da ke taruwa a ciki ya ishe su. Amma ki lura, a cikin leda na ce, shanya tsohon yadi tsirara a rana kashe masa launi ne, musamman jan alharini.

Kafur kuma abu ɗaya zan ce: duk abin da jariri zai kwanta a kai ko a goya shi da shi, sai an wanke an sha iska har warin ya tafi gaba ɗaya, dan kafur na iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Ba camfi ba ne, ki tambayi kowace nas.

Yanzu ga ɓarnar tawa. Akwai hula da wani guntun wuyan riga fari mai aikin tsamiya da suka yi jaja-jaja saboda daɗewa, na ce bari in fito da haskensu, na jiƙa su a ruwan bilic na tafi ɗora girki. Da na dawo yadin ya yi fari tas kam, amma aikin ya zama kamar kunu, ina taɓawa yana bin yatsana. Bilic narkar da siliki yake. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda ya sa ni. Dan haka ba bilic, ba kanwa, ba ruwan toka, ba omo mai ƙarfi a kan duk abin da ke da tsamiya ko alharini. Jan nan na tsufa ma ki bar shi, shi ne shaidar shekarun.

Wankin da ya dace ga shi. Ki fara gwada zuba: jiƙa farin ƙyalle ki danna a kowane launi na minti ɗaya. In ya ɗauko launi sosai, kar ki wanke, ki tsaya a kaɗewa. Kore da turkuɗi irin na Kura, masu ƙyallin shuni, sam ba a kai su ruwa, ƙyallin a mabuga aka buga shi, ruwa na taɓawa ya tafi kenan. Zancen a zuba gishiri ya kama baba kuma ban ga ya yi aiki ba, baba ba haka yake kama zare ba. In gwaji ya yi kyau, ki samu baho mai faɗi, ruwan sanyi, shamfun jarirai kamar cokali ɗaya. Ki shimfiɗa tsohon zanen gado a ƙasan bahon ki kwantar da kayan a kai, ki riƙa dannawa da tafin hannu, ba cuɗawa ba murɗawa, minti goma ya isa. Ki ɗauraye sau uku ko huɗu har ruwan ya fita garau. Wajen fitarwa zanen gadon za ki ɗaga, ba kayan ba, dan jiƙaƙƙen tsohon yadi nauyin kansa ma yaga shi yake. Ki naɗe a tawul ya tsotse, ki baza a kwance a inuwa. Da rani ko hunturu ake wannan aikin, in kika yi a Agusta funfuna za ki gayyato.

Atamfa da gwado masu ƙwari ba sa buƙatar duk wannan lallaɓawar, sabulu mai sauƙi da hannu ya wadatar. Guga kuma ta baya, a kife aikin kan tawul dan kar ya kwanta, a ɗora farin ƙyalle a sama, wuta kaɗan. In dutsen gawayi ne ki yi hattara da tartsatsi. Sitati kar ki sa, abincin ƙwari ne.

Yanka

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, reza sabuwa, alli, tef ɗin awo, allurai sirara, zaren auduga, da akoko ko alawayyo yadi biyu zuwa uku. Duk za ki samu a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. Akokon nan ki wanke shi da ruwan zafi ki goge kafin ki yi amfani da shi, in ba haka ba ranar wankin farko zai tsuke ya tattare miki aikin.

Ki yanka takarda daidai girman abin da kike so ki riƙa ɗorawa kan yadin kina matsarwa har ki samu inda ya zauna. Ni kwana uku na yi ina wannan kafin na taɓa rigar Malam, Gwaggo har tana min dariya wai ko sai an yi istihara.

Dokar saƙar hannu: in za ki iya farkewa kar ki yanka. Saƙi tunda ƙwarya-ƙwarya ne, ki bi layin haɗin da reza ki tsinke zaren ɗinkin kawai, sai ki samu baki mai kyau da ba ya zarewa. Inda dole sai an yanka a gicciye, ki fara bin layin allin da keke sau biyu, ɗinki ƙanana, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, sai ki yanka a tsakaninsu. Gwado da luru in kika yanka ba wannan ɗinkin, kafin ki kai shi kan keke rabin inci ya zube. Kuma kullum ki bar rarar inci biyu a kewayen aiki, ragewa sauƙi ne, ƙari ne babu.

Sai goyo. Haka nake kiransa, wato ki ɗora tsohon yadin a bayan sabon akoko ya ɗauke masa nauyi. Ki shimfiɗa akokon, ki ɗora guntun a kai fuska sama, ki kama da allurai daga tsakiya zuwa gefe, sai ki bi da ɗinkin hannu layi-layi, tazarar yatsu uku, ɗinkin ya zama ƙarami a fuska dogo a baya, kina bin ratsin saƙar dan ya ɓace. Inda akwai ƙaramar huda ki sa ƙyalle mai launin wurin a ƙarƙashi, ki kwantar da zarurrukan da suka tashi ki ɗaure su da ƙananan ɗinki. Teloli za su ce miki ki manna gam ki huta. A atamfar da za a yi jaka da ita na yarda. A aikin hannu ban yarda ba, gam in ya kama ba ya fita, kuma bayan shekaru yana bushewa ya yi ja ya ɓata fuskar.

Firem: nan aljihun ya tafi

Aljihun rigar, da askarsa biyu da suka sauko daga wuya, shi ne mafi daraja, dan haka ban yarda a zauna a kansa ko a jingina ba. Na kai wa kafinta awo ya yanko min falange siriri, na ce firem ɗin ya yi zurfi yadda gilashi ba zai taɓa yadin ba, ko da rabin inci ne a tsakani. Dalili, gilashi na tara raɓa da damina, in yadi na manne da shi sai funfuna. Katako kuma yana fitar da wani abu da ke sa yadi ja a hankali, shi ya sa na fara naɗe falangen da takardar alminiyon ta gashi, sannan na ja wankakken akoko a kai na ɗaure shi ta baya da zare kamar igiyar takalmi, ya miƙe tsaf. A kan wannan akokon na ɗinke aljihun, da lanƙwasasshiyar allura, na bi gefe na kuma bi cikin aikin wuri-wuri dan kar tsakiya ya zazzago. Ba ƙusa, ba fil, ba gam, ƙarfe tsatsa yake ya ci yadi. Bayan firem ɗin a rufe shi ruf a liƙe saboda ƙurar hunturu. Wajen ratayewa ki guji bangon da ke jiƙa da wanda rana ke bugawa ta taga, ki sa ɗan toshe a ƙasan firem ta baya dan iska ta riƙa wucewa.

Matashi

Wannan ne ya kamata mai koyo ta fara da shi, kuma da gwado ko atamfa, ba da riga ba. In cikin filon inci 18 ne ta kowane gefe, ki yanka fuskar 19 da 19, rabin inci na ɗinki kenan. Bayan kuma sabon yadi mai ƙwari, guda biyu, kowane 19 da 13. Ki kalmashe gefe ɗaya na kowanne ki ɗinke, ki kwantar da fuskar tana kallon sama, ki kifa guda biyun a kai su hau juna a tsakiya, ki zagaye da keke, ki rage kusurwoyin, ki juya. Ba zif ba maɓalli, ta bakin nan za ki cusa filon ki kuma zare in za a wanke. Zif a tsohon yadi jan wuri ɗaya yake har ya yage.

Cikin kuma, ni audugar rimi na sa. Garin da ke da Rimin Tsiwa da Rimin Doko a ce mun koma soso? Ba ta da nauyi, ga laushi, sai dai a cire 'ya'yan tas dan ɓera na bin su, a yi mata rigarta ta alawayyo daban mai matsattsen saƙa, kuma a nisanta ta da wuta dan kamawa take kamar fetur. Gwado ɗaya ya ba ni matashi biyu har da ragowa, na bar gezar a gefe ɗaya tana lilo, ya yi kyau ba kaɗan ba.

Gafaka

Daga ƙwaryoyin saƙin da suka tsira a jikin rigar na yi wa Baffa gafakar Alƙur'ani, tunda shi ya fara cewa ya yafe. Ki auna tsawo da faɗi da kaurin littafin, ki ƙara inci ɗaya ko'ina dan ya shiga ya fita ba takura. Yadi ɗaya dogo ne, gaba da baya da marfi, a goya shi a akoko, a yi masa shafi mai santsi a ciki. Kusurwoyi da bakin marfi da maratayi su ke cin wuya, dan haka na kai wa baduku ya bi su da jar fata. Maratayin a jikin fatar zai kama, kar a ɗinke shi a tsohon yadi. Ki gaya wa badukun da bakinki kar ya shafa gam a saƙin, ki kuma gwada fatar da jiƙaƙƙen ƙyalle, wata tana zuba. Irin wannan ɗinkin dai shi ne na jakar hannu, girma ne kawai ya bambanta.

Zannuwan Iya

Atamfa tsakiyarta ke mutuwa, wurin zama da wurin ɗauri, gefe-gefen na nan da ƙarfinsu. Na yanka kwali inci 5 da 5 na riƙa zanawa ina fitar da ƙyallaye. Da rabin inci na ɗinki kowane zai koma 4, to jeri 11 mai ƙyalle tara-tara, wato 99, zai ba ki bargon jariri inci 36 da 44. Ki baza su a ƙasa tukuna ki yi ta canja musu wuri har idonki ya kwanta, kar masu duhu su taru gefe ɗaya, ki ɗauki hoto dan yara na shigowa za su watsa. Ki haɗa jeri-jeri, ki goge kowane ɗinki kafin ki haɗa na gaba, wannan gugar ita ce bambancin aikin da ya kwanta da wanda ya yi tudu. Kar ki haɗa sabuwar atamfa da tsohuwa a fuska ɗaya, sabuwar za ta ja tsohuwar ta yage. A baya ki sa yadi mai laushi, ki bi layukan da ɗinki dan su kama juna, ki naɗe baki.

Abin da ban zata ba, da na shimfiɗa shi Gwaggo ta zauna tana nunawa da yatsa, wannan na sunan wane ne, wannan Malam ya sayo shekarar da ya je Makka, wannan ankon bikin wance ne. Sai na ɗauko biro na rubuta.

Ragowar ƙyallayen ma ban zubar ba. Wata 'yar tasa daga jeren Iya da fentinta ya ɓantare, ba ta ciyuwa kuma, na cusa mata auduga na rufe da guntun Holan ta zama matsokin allurai. Faifan da bakinsu ya zare na naɗe musu baki da atamfa na jera a bango. Majanyin babanmu kuwa ban taɓa shi ba, lafiyarsa ƙalau, yana jiran jikan gaba.

Kowane abu in kin gama, ki yanki ɗan alawayyo ki rubuta da alƙalamin da ba ya wankuwa, ko ki ɗinka da zare: kayan wane ne, daga wane gida, wa ya maida shi haka, wace shekara. Ki ɗinke a baya. In kuma sana'a za ki yi da shi, ki sayi tsofaffin kaya a hannun masu su da yardarsu, ki faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake tsoho da abin da kika ƙara, ki kuma lissafa kwanakin da kika yi a kai kafin ki faɗi kuɗi, dan aikin goyon nan kaɗai sai ya cinye sati.

Abin da ya rage ba ki yanka ba kar ki maida shi leda, leda na riƙe damshi. Ki naɗe a wankakken farin zane, naɗin tabarma ya fi ninki, in dole sai an ninke ki riƙa canja layin duk shekara, ki ɗora akwatin kan bulo ya bar ƙasa saboda gara. Haka na yi wa bayan rigar Malam mai tambarin, dan Gwaggon Giwa ta ce a dakata mata da shi sai ta zo da sallah ta gani da idonta. Sallah biyu kenan ba ta zo ba, yana nan a naɗe, nakan buɗe shi duk ƙarshen damina in duba.